Ranar da sel ya rufe kasuwa: yadda intaferon ke yaƙar bairos ɗin hapis da yunwa

Kwana huɗu ɗiyar ƙanwata ta yi kwance da zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar daminar bara, nan Gusau. A rana ta biyar jikin ya yi sanyi, har ta nemi koko da bakinta. Sai ga wasu 'yan ƙuraje sun fito mata a gefen leɓen sama, biyar ko shida a cure wuri ɗaya, kowanne bai wuce ƙwayar gero ba, cike da ruwa garai-garai. Inna ta kama haɓarta, ta juya ta wajen haske, ta duba, sannan ta ce da ni: “Bari damuwa, ɗan nan, masassara ce ta hito ga baki. In ta hito haka ta ƙare ke nan.”

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya ji wannan magana, kuma lurar da tsofaffi suka yi daidai ce: ƙurajen sukan biyo bayan zazzaɓi mai zafi. Sai dai abin da ya fito a leɓen wani baƙo ne daban da ya daɗe a jikin yarinyar, mai yiwuwa tun tana goye, zazzaɓin ya dai buɗe masa ƙofa ne. Sunansa HSV-1, ɗaya daga cikin dangin bairos da ake kira hapis. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya ce mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da shi, wato kashi 64 cikin 100. Ɗan'uwansa HSV-2, mai fitowa a al'aura, yana jikin mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49. A dangin akwai wanda ke kawo ƙarambau, akwai CMV mai lahanta jariri tun a ciki, akwai EBV da aka gano a 1964 a wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yaran Afirka. Halinsu ɗaya ne: in sun shiga jiki ba su fita har a mutu.

Abin da nake son in warware shi ne yadda jiki ke zaune da irin wannan baƙo shekara da shekaru da taimakon wani furotin nasa mai suna intaferon, da kuma dalilin da ya sa zaman ke da tsada.

Jikinmu ginin ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta. Zan riƙa ce musu sel don kada su rikice da ƙwayar cuta. Kowane sel gida ne mai cin gashin kansa: yana shigo da sukari, ya ƙona wani ya sami ƙarfi, ya mai da wani kitse, ya ƙera furotin, ya tanadi tubalan da ake gina DNA da su, wato kundin da umarnin gado ke rubuce a ciki. Wannan shige da fice shi ne tattalin arzikin sel. Bairos kuwa ba shi da murhu, ba shi da rumbu. Takardar umarni ce kawai a naɗe cikin kwanson furotin, an lulluɓe ta da rigar kitse. HSV-1 na da umarni kusan 80 a cikin takardarsa, kuma duk 'ya'yan da zai haifa, da abincin mai gida za a gina su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma kowanne da abin da ya fi kwaɗayi. Masu bincike a jami'ar Princeton ta Amurka, a ɗakunan Thomas Shenk da Joshua Rabinowitz, sun ciyar da sel sukari mai alama don su bi sawun inda yake tafiya. A 2011 suka nuna cewa CMV na sa sel ya zuƙi sukari da yawa ya karkatar da shi wajen ƙera kitse, saboda rigar da zai sa wa 'ya'yansa. HSV-1 kuwa, da yake mai gaggawa ne, cikin ƙasa da kwana ɗaya ya gama hayayyafa a sel, sai ya tura kayan wajen ƙera tubalan DNA. Dangi ɗaya, amma kowa da rumfar da yake fasawa.

A nan ne intaferon ke shigowa. A 1957, a Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka zuba bairos ɗin mura da aka raunana da zafi a kan tantanin cikin ƙwan kaza. Suka lura cewa tantanin na sakin wani abu a cikin ruwan da yake ciki, wanda in aka zuba wa sabon tantani sai bairos mai rai ya kasa hayayyafa a cikinsa. Suka sa masa suna intaferon, daga kalmar Turanci da ke nufin katsalandan. Furotin ne ƙarami, kuma shi da kansa ba ya taɓa bairos. Aikinsa shela. Sel ɗin da aka shiga yana da 'yan sa-ido. Ɗaya daga cikinsu, cGAS, wanda aka gano aikinsa a 2013, da zarar ya ga DNA a inda bai kamata a gan ta ba sai ya tada wani mai suna STING, shi kuma ya sa a saki intaferon. Maƙwabta suna jin shelar sai su kunna ɗaruruwan umarnin gado da ke kwance. Shekaru da yawa ana kallon waɗannan a matsayin makamai kurum. Daga baya aka gane cewa da yawansu masu kulle rumbu ne.

Mu a Zamfara mun san wannan dabara a jikinmu. A wajen Satumban 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka datse layukan waya, duk don a hana mutanen daji abinci da mai da labari. Ba zan shiga muhawarar ko ta yi amfani ba. Abin da kowa ya shaida shi ne takurar ba ta tsaya a daji ba: mai sayar da akuya ya rasa inda zai kai ta, mai ɗan'uwa a asibiti ya rasa yadda zai ji labarinsa. Lissafin shi ne wanda ke cikin gari zai fi jure yunwa a kan wanda ke dogaro da kasuwar garin. Wannan lissafin ne intaferon ke yi a cikin sel, kuma kamar yadda muka gani, ana biyan kuɗinsa daga aljihun mai gida.

Rumfar farko da ake rufewa ita ce ta kolestarol. Mutane sun san shi da mugun suna saboda ciwon zuciya, alhali babu sel ɗin da zai tsaya ba tare da shi ba. Shi ke ba bangon sel ƙwari da laushi daidai gwargwado, kuma ta wannan bango bairos mai rigar kitse ke shiga, daga irinsa kuma yake yanko riga in zai fita. A 2011 Peter Ghazal da abokan aikinsa a Edinbara suka nuna, da CMV na ɓeraye, cewa da zarar intaferon ya iso sai sel ya rage ƙera kolestarol tun daga tushe, ta hanyar danne shugaban masana'antar, wani furotin mai suna SREBP2. Bayan shekara biyu, su da wata ƙungiya a Los Angeles, kowa ta hanyarsa, suka gano ƙarin abu: intaferon na kunna wani inzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, da ke ɗaukar kolestarol ya ɗan sauya masa fasali ya zama 25HC. Wannan 25HC yana aiki biyu. Yana sauya yanayin bangon sel yadda bairos zai sha wuya kafin rigarsa ta haɗe da shi, kuma yana yaudarar masana'antar ta ɗauka kaya sun yi yawa, ta ƙara rage aiki. HSV-1 na cikin waɗanda aka ga ya hana. Har fita yake yi daga sel ɗin da ya ƙera shi ya isa maƙwabta.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya zo a 2015. Ɗakin binciken Steven Bensinger ya juya tambayar: in aka rage ƙera kolestarol da gangan, ba tare da wani bairos ba, me zai faru? Sai sel ya fara sakin intaferon da kansa, ta hannun STING ɗin nan, kuma ɓerayen da aka yi wa haka suka fi jure wani hapis na ɓeraye. Ma'ana sel na sauraren kasuwarsa. In ya ji hada-hadar kitse ta sauya ba dalili, yana ɗauka akwai ɓarawo a gida. Shela na rufe kasuwa, rufewar kasuwa kuma na tada shela. Ga wanda ya koyi darasin garkuwar jiki a aji ɗaya, darasin abinci a wani aji, wannan ya isa ya nuna masa cewa tun asali darasi ɗaya ne. Amma kada wani ya karanta wannan ya je kemis neman maganin rage kolestarol don ƙurajen baki. Waɗannan gwaje-gwaje a kwanon ɗakin bincike da jikin ɓera aka yi su.

Rumfa ta biyu ta tiriftofan ce, kuma ita ta fi kusa da tukunyarmu. Furotin ana jera shi ne da tubala iri 20, tara daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, dole sai an ci. Tiriftofan na cikin taran, kuma shi ne mafi ƙaranci a jiki. Masara ba ta da shi sosai. Ana samun sa a wake, gyaɗa, nono, ƙwai da kifi. Wani nau'in intaferon da ake kira gama, wanda sojojin jini ke saki, yana kunna inzayim mai suna IDO, shi kuwa aikinsa farfasa tiriftofan. An fara ganin wannan dabara a 1984 a kan wata ƙwayar cuta da ake ɗauka daga kyanwa, daga baya aka gan ta a kan CMV a sel na ido, sannan a 2004 masu bincike a Jamus suka nuna ta a kan HSV. Hujjar da suka kafa mai sauƙi ce mai ƙarfi: in ka ƙara tiriftofan da yawa a kwanon, bairos ya ci gaba da hayayyafa kamar intaferon bai zo ba. Yunwar ce ta tsayar da shi.

To amma da tiriftofan ɗin nan ne ƙwaƙwalwa ke ƙera sirotonin, sinadarin da ke da hannu a walwala da barci, kuma ɓaraguzan da IDO ke bari suna taɓa ƙwaƙwalwa. A shekarun da ake yi wa masu ciwon hanta nau'in C allurar intaferon na tsawon watanni, likitoci sun ga abin da idonsu: zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, kasala, rashin cin abinci, kuma da yawa suka faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani har wasu suka bar maganin. Masana na ɗora wani kaso na laifin a kan wannan hanya. Saboda haka mutuwar jikin da mutum ke ji in bairos ya kama shi, da ƙin magana, da son a bar shi ya kwanta, babban rabonsu daga matakan da jikinsa ya ɗauka ne. Ina ganin ya kamata masu jinya su san wannan, domin sau da yawa akan ce wa mara lafiya ya cika raki.

Sauran rumfunan zan bi ta kansu da sauri. Akwai SAMHD1, mai lalata tubalan DNA da ke yawo a sel don kada baƙo ya samu. A 2013 aka nuna yana takura HSV-1 a cikin wasu sojojin jini da ba su rabuwa. Akwai PKR, wanda in ya ji alamar bairos sai ya tsayar da ƙera furotin gaba ɗaya, na baƙo da na mai gida. Akwai kuma inzayim da ke cinye arjinin, wani tubalin da hapis ke matuƙar buƙata, ya mai da shi iska mai guba ga bairos.

Da a ce abin ya tsaya nan, da babu mai ƙurji a leɓe. Amma hapis ya yi miliyoyin shekaru yana zaune da dabbobi, ya san duk wata ƙofar baya. HSV-1 na zuwa da guzurinsa: a cikin umarninsa akwai inzayim nasa na kansa masu haɗa tubalan DNA, don haka ko a sel ɗin da ya kulle rumbu yana iya ƙera abin da zai ishe shi. In PKR ya kashe injin furotin, bairos na da wani furotin, ICP34.5, da ke ɗauko ma'aikacin sel ɗin ya sa shi ya sake kunnawa. CMV da EBV kuwa suna manna wa SAMHD1 wata alama da ke raunana shi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin baiferin. Furotin ne da intaferon ke kunnawa. Peter Cresswell na jami'ar Yale ya raɗa masa suna a 2001, bayan ya ga cewa in sel na da shi tun kafin CMV ya iso, bairos ba ya sakewa. Mai gadi ne na gaske. Sai a 2011 da 2013 ɗakin binciken nasa ya gano abin da ke faruwa in CMV ya riga shi shiga. Bairos ɗin da kansa ke sa a ƙera baiferin, sannan wani furotin nasa ya kama hannunsa ya kai shi maitokondiriya, wato murhun da sel ke ƙona kitse ya sami ƙarfi. A can baiferin ya toshe ƙona kitsen. Ƙarfin sel ya ragu, ginshiƙan da ke riƙe da siffarsa suka saki, abin da ke sauƙaƙa wa bairos zirga-zirga. Sel ya ji kamar yunwa ta kama shi, ya buɗe ƙofa ya ƙara shigo da sukari, ya shiga ƙera sabon kitse, wanda shi ne ainihin abin da CMV ke nema don rigar 'ya'yansa. Mun san sunan irin wannan a nan: infoma. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai dai guzurin nan da hapis ke taƙama da shi, ta nan aka kama shi. Maganin asaikulobir, wanda ya fito daga aikin Gertrude Elion da Howard Schaeffer a shekarun 1970, tubalin DNA ne na jabu. Inzayim ɗin sel mai lafiya ba ya kula shi. Na bairos kuwa, da yake ba ya tantancewa, sai ya karɓe shi ya gyara shi, a saka shi cikin ginin DNA, gini ya tsaya cak domin babu inda tubali na gaba zai zauna. Shi ya sa maganin ke aiki kusan a sel ɗin da bairos ke ciki kaɗai. Elion ta sami kyautar Nobel a 1988. Maganin na rage tsawon ciwo, yana ceton rai in bairos ya hau ƙwaƙwalwa, amma ba ya taɓa wanda ke barci, don mai barci ba ya gini.

Ina yake barcin? Bayan kamuwar farko HSV-1 na bin jijiyar saƙo daga leɓe ya haura zuwa wani ƙullin jijiyoyi a gindin ƙoƙon kai, daura da kunne. Sel na jijiya ba a sake shi in ya mutu, don haka jiki ba zai yi masa irin rufe kasuwar da yake yi wa sel na fata ba, balle ya kashe shi. Sai a yi zaman doya da manja: bairos ya naɗe takardarsa ya yi shiru, sojojin jini su kewaye wurin suna ɗiga intaferon gama. Masu bincike a jami'ar New York sun nuna a 2012, da jijiyoyin ɓera a kwano, cewa shirun ya dogara da wani ma'auni a cikin sel mai suna mTOR, wanda aikinsa auna ko akwai wadatar abinci da iska da saƙon girma. In ma'aunin ya faɗi, ko da ta ƙarancin iskar shaƙa ne, bairos ya farka. A 2017 suka ƙara da cewa intaferon na iya mai da shi barci, amma sai in yana wurin a farkon motsin. In ya makara, bairos ya riga ya ƙera abin toshe masa kunne. Wato baƙon na kwance ne yana kasa kunne ga tattalin arzikin mai gida, yana jiran ranar da gidan zai shiga matsi. Zazzaɓi mai zafi, zafin rana a gona, rashin barci, tashin hankali, duk an san suna tada shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ne ya sa nake ganin maganar ta shafe mu fiye da waɗanda suka yi binciken. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi, mafi yawa a Najeriya. Kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru yana ƙara abin da jiki ke ƙonawa da kusan kashi 10 cikin 100, a daidai lokacin da yaro ya ƙi abinci. Dabarar hana maƙiyi abinci na aiki ne in mai gida na da ajiya. Yaron da tamowa ta riga ta cinye, da me zai jure? Tun a shekarun 1960 likitoci a Cape Town suka rubuta yadda HSV, wanda a yaro mai ƙoshi bai wuce ƙurjin baki ba, ke bazuwa har hanta ya kashe yara masu kwashiyoko, wato tamowa mai kumbura jiki, musamman bayan ƙyanda. Duk wanda ya leƙa wuraren jinyar yara masu tamowa a Anka ko Shinkafi ko Zurmi ya ga bakunan da suka tsattsage har yaro ba ya iya kama nono. Ciwon baki ya hana ci, rashin ci ya ƙara raunana garkuwa. A irin wannan hali kunun gyaɗa da ƙwai da rigakafin ƙyanda suna cikin maganin.

Jariri sabon haihuwa shi ma haka yake, ko da ya ƙoshi, domin garkuwarsa ba ta nuna ba. HSV a makonnin farko na iya hawa ƙwaƙwalwarsa. Ƙurji kusa da ido, ko ido ya yi ja yana ƙin haske, ko zazzaɓi da ruɗewa da fizge-fizge, waɗannan na asibiti ne a ranar. Kuma a guji shafa wa ƙurajen man nan masu sitiroyid da ake haɗawa don hasken fata, domin aikinsu danne garkuwar wurin.

Ƙurajen ɗiyar ƙanwata sun fashe a kwana na uku, suka yi ɓawo ruwan zuma, ba mu sa musu komai ba sai man kaɗanya don kada leɓen ya tsage. A makon ne aka yi suna a gidan da ke jikin namu, ita kuwa ba ta da aiki sai ɗaukar jarirai. Na sami Inna tana tsince shinkafa a tsakar gida, na durƙusa na ce: “Inna, don Allah a hana ta sumbatar jinjirin nan sai bakin ya warke sarai. Ruwan ƙurajen nan yana kama yaro.” Ta ɗago ta dube ni, ta dubi yarinyar da ke ɗaura ɗankwali a bakin ƙofa, sannan ta ƙwala mata kira ta ce ta zo ta zauna kusa da ita, yau tare za su shiga gidan sunan.